Ɗan Jaridar Da Aka Yaudara, Shin Yana Da Laifi?

Tambaya ce da muka daɗe muna juya ta a zuci: mutumin da aka shara wa ƙarya, ya gaskata ta tsakani da Allah, sa'annan ya ɗauka ya kai wa jama'a, mene ne matsayinsa? Maƙaryaci ne, ko kuwa shi ma wanda aka zalunta ne? Idan a majalisar ƙofar gida ne abin da sauƙi, domin wanda ya kawo labarin ƙanzon kurege dariya kawai za a yi masa, gobe a manta. Amma akwai wata sana'a wadda a cikinta irin wannan kuskure kan cinye dukiyar mutane, har ma ya taɓa lafiyarsu. Sana'ar kuwa ita ce ta ɗan jaridar da ya keɓe alƙalaminsa ga harkokin kasuwanci da fasahar zamani, wato mai ba mu labarin kamfanoni da sababbin na'urorin da suke ƙerawa.

Dalilin da ya sa nauyin wannan ɗan jarida ya sha bamban da na 'yan'uwansa a fili yake. Wanda ke rubuta labarin ƙwallo ba shi da halin ya ce an ci uku alhali biyu aka ci, domin dubban mutane sun gani da idonsu. Wanda ke rubuta labarin gwamnati, idan ya ce an shimfiɗa kwalta a wata hanya, mutanen da ke bin hanyar za su ƙaryata shi kafin azahar. To, amma idan aka ce wani kamfani a wata uwa duniya ya ƙera wata na'ura mai yin kaza da kaza, ko kuma aka ce darajarsa ta kai biliyan kaza, ina mai karatu zai je ya tabbatar? Ba shi da ilmin, ba shi da hanyar shiga. Ke nan ya ara wa ɗan jarida idanunsa ne ya ce je ka gano mini. Wanda aka ara wa ido kuwa, ai amana aka ba shi.

Akwai waɗanda suka riƙe wannan amana ta hanya mai sauƙin fahimta. Alal misali, Walt Mossberg na jaridar Wall Street Journal ta Amurka ya buɗe wani fili na mako-mako a kan kwamfuta a shekarar 1991, bayan ya shafe kusan shekara ashirin yana rubuta wasu labarai dabam. Da maganar da ya fara filin ya nuna ɓangaren da ya tsaya: ya ce kwamfutoci suna da wuyar sarrafawa, kuma wannan ba laifin mai saye ba ne. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa, ya kuma bayyana su kowa ya gani. Ba ya sayen hannun jari a kamfanonin da yake rubutu a kansu, ba ya karɓar kyautarsu, kuma kayan da aka aiko masa don gwaji yakan mayar wa masu su. Haka ya yi har ya ajiye aiki a 2017. Duk da haka bai tsira daga surutu ba, domin yana ɗaya daga cikin 'yan jarida huɗu da kamfanin Apple ya bai wa wayar iPhone kafin ta shiga kasuwa a 2007, kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda Steve Jobs kan bugo masa waya gida a daren Lahadi su daɗe suna hira. Masu sukarsa suka ce kusanci ma wani nau'i ne na toshi. Amma ko ma mene ne, Mossberg yana da wata garkuwa: abin da yake yabo ko kushewa abu ne da ya riƙe a hannunsa, ya kunna, ya kashe, ya kwana da shi. Gani ya kori ji.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan abin da za a rubuta a kansa ba ya gwaduwa a hannun ɗan jarida. A nan ne labarin kamfanin Theranos ya zama abin nazari, kuma shi ne muke so mu ɗan daɗe a kansa.

Wata yarinya ce mai suna Elizabeth Holmes ta kafa kamfanin a 2003, tana da shekara 19, ta kuma bar karatunta a Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya. Alkawarin da ta yi wa duniya mai daɗin ji ne ƙwarai. Maimakon a soka wa mutum allura a jijiya a zuƙi jini cikin kwalabe, sai a ɗan tsikari tsinin yatsa a ɗauki 'yan ɗigo, a saka a wata ƙaramar na'ura, ta yi gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa cikin araha. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin yaro ana neman jijiyarsa yana tsala ihu ya san abin da zai sa zuciya ta so wannan labari ya zama gaskiya. Manya suka shiga hukumar gudanarwar kamfanin, cikinsu har da tsofaffin sakatarorin harkokin wajen Amurka guda biyu, George Shultz da Henry Kissinger. Masu kuɗi suka zuba fiye da dala miliyan 700. A 2014 aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9, kuma aka riga aka fara ɗibar jinin mutane a shagunan magani na Walgreens a jihar Arizona.

A watan Yuni na 2014 mujallar Fortune ta sa hoton Holmes a bangonta. Wanda ya rubuta labarin shi ne Roger Parloff, tsohon hannu ne, mai ilmin shari'a, ba kuma wanda ya taɓa zarginsa da karɓar ko sisin kwabo a kan wannan rubutu. Ya zauna da ita sa'o'i da dama, ya naɗi muryarta, ya tuntuɓi manyan da ke tare da ita. Ya rubuta cewa kamfanin na yin gwaji fiye da 200 ba tare da buƙatar sirinji ba, kuma ba ya sayen na'urorin gwaji daga wasu kamfanoni. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Daga nan sai sauran mujallu suka bi sahu, kowace na ƙara gishiri a kan na 'yar'uwarta, har mujallar Forbes ta ƙiyasta arzikin Holmes a kan dala biliyan 4.5.

Sai ga John Carreyrou. Shi ɗan jarida ne da ya tashi a Faransa, ya yi karatu a Jami'ar Duke ta Amurka, ya shiga Wall Street Journal a 1999, ya yi mata aiki a Beljiyam da Faransa kafin ya koma birnin Niyok, inda ya daɗe yana bin harkokin lafiya da kamfanonin magani. Sau biyu yana cikin ayarin da ya ci lambar yabo ta Pulitzer, a 2003 da 2015, ta biyun saboda tona yadda wasu likitoci ke wawurar kuɗin shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati. A watan Disamba na 2014 ya karanta wani dogon rubutu a kan Holmes a mujallar New Yorker, sai abu biyu suka tsaya masa a rai. Na farko, babu wani sakamakon bincike da kamfanin ya buga a mujallun likitoci inda masana za su tsefe shi, alhali haka ake yi a fannin lafiya. Na biyu, da aka tambaye ta yadda na'urar ke aiki, amsar da ta bayar ba kai ba gindi. Mu da muke koyarwa a makarantun sakandare mun san irin wannan amsa sarai. Ita ce amsar ɗalibin da bai yi karatu ba, ya cika takarda da manyan kalmomi yana fata malami ya gaji kafin ya kai ƙarshen layi.

A farkon 2015 wani likitan gwaje-gwaje ya tsegunta masa cewa akwai lauje cikin naɗi, sai ya tsunduma. Ya shafe kusan wata takwas a kan labari guda. Ya nemi tsofaffin ma'aikata, ya je Arizona ya gana da likitoci da marasa lafiya, shi da kansa ma ya ba da jininsa a shagon Walgreens, ya kuma ba da a wani ɗakin gwaji dabam domin ya kwatanta. A tsakiyar Oktoba na 2015 labarin ya fito: daga cikin gwaje-gwaje fiye da 200 da kamfanin ke tallatawa, 'yan ƙalilan ne, kamar 15, ake yi da na'urarsa mai suna Edison. Sauran ana yin su ne da na'urorin da aka sayo daga wasu kamfanoni irin su Siemens na Jamus, wani lokaci har sai an sirka ɗigon jinin domin ya isa, abin da kan sa sakamako ya karkace. Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2016 hukumar da ke sa ido a kan ɗakunan gwaji ta ce aikin kamfanin haɗari ne ga lafiyar jama'a, kamfanin ya soke sakamakon gwajin shekara biyu da aka yi da Edison, Forbes ta mayar da ƙiyasinta zuwa sifili, kuma a 2018 kamfanin ya rushe.

To, mu koma kan tambayarmu. Parloff yana da laifi ko ba shi da shi?

Masu kare shi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Za su ce ai wadda ta yaudari Kissinger da Shultz da manyan attajiran Amurka, don ta yaudari ɗan jarida guda ba abin mamaki ba ne. Za su ce kowace sabuwar fasaha da alkawari take farawa, kuma da 'yan jarida za su ƙi rubuta komai sai abin da suka tabbatar da hannunsu, da jaridu sun fito da fararen shafuka. Za su ƙara da cewa kamfani na da haƙƙin ɓoye sirrin sana'arsa, kamar yadda marini ko maƙeri ba ya buɗe wa kowa asirinsa, kuma ɗan jaridar da ke kallon kowane mai ƙirƙira da idon zargi zai kashe wa mutanen kirki gwiwa. Wannan na ƙarshe gaskiya ne. Yawan zargi ma cuta ce, kuma mun san marubutan da suka mai da kushe sana'a don a ce suna da basira.

Amma duk da haka mu a ganinmu yana da rabonsa na laifi, kodayake ba laifin ƙarya ba ne. Laifinsa shi ne ya haɗa “na gani” da “an ce mini” a ƙwarya ɗaya ya miƙa wa mai karatu, ba tare da ya nuna masa wanne ne wanne ba. Ba wanda ya ce sai ya zama masanin sinadarai kafin ya yi rubutu. Abin da ake nema a wurinsa ya fi wannan sauƙi: idan ya ƙwanƙwasa ƙofa aka ƙi buɗewa, ya gaya mana cewa an ƙi buɗewa, kuma ya gaya mana da babbar murya, domin ƙofar da aka rufe ita kanta labari ce. Batun sirrin sana'a kuwa, ai akwai bambanci tsakanin a ɓoye yadda na'ura ke aiki da a ɓoye ko tana aiki. Marini na iya hana ka sanin haɗinsa, amma ba zai hana ka wanke ƙyallen ka ga ko yana zuba ba. Kuma wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne, domin tun a watan Fabrairu na 2015 wani farfesa na Stanford, John Ioannidis, ya yi tsokaci a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka cewa kamfanin bai buga komai da masana za su duba ba.

Sa'annan nauyin bincike yana hawa ne gwargwadon abin da mai karatu zai sa a kasada. Wanda ya yabi wayar da ba ta da kyau ya jawo wa mutum asarar kuɗin waya. Wanda ya yabi na'urar gwajin jini ya shiga tsakanin mutum da likitansa. A shari'ar da aka yi daga baya wata mata ta ba da shaida cewa gwajin Theranos ya nuna kamar cikinta zai zube, ita kuwa ta sha ɓari a baya, har aka fara maganar abin da za a yi. Da aka sake gwaji a wani wuri sai aka ga lafiya lau, daga baya ta haifi ɗiyarta. Bugu da ƙari, an nuna a kotu cewa kamfanin na haɗawa da wancan labari na Fortune a cikin takardun da yake bai wa masu son zuba jari. Wato rubutun ɗan jarida mai gaskiya ya zama hatimin da mayaudari ke bugawa a kan hajarsa.

Shi Parloff ɗin bai tsaya jayayya ba. A Disamba na 2015 ya rubuta a Fortune ɗin cewa an ɓatar da shi, kuma a ganinsa da gangan, amma ya ce shi ma yana da hannu, tunda an yi ta ba shi amsoshi masu duhu bai matsa sai an warware masa su ba. Wannan magana ta ƙara masa ƙima a idonmu. Mujallu da yawa sun yi wa Holmes kirari, amma ba duka ne suka dawo suka ce wa masu karatunsu a gafarce mu ba.

Abin da ya fi ba mu tsoro a cikin wannan al'amari shi ne ba da kuɗi aka sayi kowa ba. Da cin hanci ne, da maganin a bayyane yake. Abin da ya kama 'yan jaridar nan shi ne daɗin labarin. Yarinya mai tsoron allura ta bar jami'a don ta raba duniya da allura, a cikin sana'ar da maza suka mamaye. Wane edita ne zai ƙi wannan? Ga kuma manyan mutane a bayanta, kowa na jingina da amincewar ɗan'uwansa. Attajiri ya ga Kissinger ya saki jiki, ɗan jarida ya ga attajiri ya saki jiki, wani attajirin ya karanta ɗan jarida ya saki jiki. An yi da'ira, ba kuma wanda ya leƙa cikin akwatin. Maroƙi aƙalla kowa ya san aikinsa, idan ya ce wane ya fi kowa ba mai ɗaukar dukiyarsa ya bi maganar. Ɗan jarida kuwa ana sauraronsa ne a matsayin mai shaida, saboda haka yabonsa ya fi na maroƙi haɗari nesa ba kusa ba.

Sai dai kada mu yi gaggawar naɗa wa Carreyrou rawanin waliyyai, domin ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kuma ba shi ne ya fi shan wuya ba. Da ɗan gari akan ci gari. Waɗanda suka buɗe masa ƙofa ma'aikatan cikin gida ne, musamman wasu matasa biyu da ba su daɗe da gama jami'a ba, Erika Cheung da Tyler Shultz. Shi Tyler jikan George Shultz ne. Ya je ya gaya wa kakansa cewa na'urar ba ta aiki, tsohon ya zaɓi ya gaskata Holmes a kan jininsa. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, amma a nan yaron ne ke cikin ɗakin gwajin, babban kuma yana falo ana ba shi labari. Lauyoyin kamfani suka ritsa yaron a gidan kakan nasa, aka sa masu bin sawu a bayansa, iyayensa suka kashe fiye da dala 400,000 a kan lauyoyi. Sai daga baya tsohon ya fito ya yaba masa. Carreyrou ya sami suna, littafinsa mai suna Bad Blood da ya fito a 2018 ya yi kasuwa ƙwarai. Su kuwa shekarun ƙuruciyarsu suka tafi a cikin fargaba. Wannan ma wani bashi ne a wuyan ɗan jarida, wanda ba kasafai ake lissafa shi ba: yana gina aikinsa ne a kan kasadar wasu.

Haka kuma yana da gida mai ƙarfi a bayansa. Shahararren lauya David Boies ya jagoranci ayari zuwa ofishin jaridar, aka shafe sa'o'i ana barazana, editoci ba su girgiza ba. Wani abin mamaki ma shi ne mai jaridar, Rupert Murdoch, ya zuba dala miliyan 125 a Theranos a wannan shekara ta 2015. Holmes ta same shi ta roƙe shi ya hana a buga labarin, ya ce ya bar wa editocinsa. Ba mu cikin masu yi wa Murdoch kirari, ana da abin faɗa da yawa a kan jaridunsa, amma a wannan karon ya yi abin da ya dace, kuɗinsa kuma suka bi ruwa. Da ya ɗaga waya sau ɗaya, da ƙila labarin ya kwanta a aljihun tebur, ana ci gaba da ɗibar jinin mutane.

Wannan ne ya sa idan muka waiwayo gida muke sassauta harshe. Ɗan jaridar da ke bin albashin wata da watanni, wanda kamfanin da zai rubuta labarinsa shi ne ya biya masa kuɗin mota, ya kuma miƙa masa ambulan bayan taro, da wane ƙarfi zai shafe wata takwas yana bin labari guda? Wane lauya ne zai tsaya masa? Ba muna wanke shi ba ne, amma rabin laifin na masu gidajen jaridun ne, wani kaso kuma namu ne masu karatu, da muke son labari a ɓagas. Kuma buƙatar wannan aiki a wurinmu ba ƙarama ba ce. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a shirin MMM, har aka rufe asusunsu a Disamba na 2016, irin tarkon ne ya kama su: wani abu ne a intanet da ba su san cikinsa ba, sai dai sun ga wane da wane sun shiga. Hukumomi sun yi gargaɗi, wasu jaridu ma sun yi, amma muryar masu talla ta fi tasu amo.

Shari'ar Holmes ta ƙare a Janairu na 2022. Masu taya alƙali yanke hukunci sun same ta da laifuka huɗu da suka shafi damfarar masu zuba jari, suka wanke ta daga tuhumar damfarar marasa lafiya, abin da har yau bai kwanta mana a rai ba. An yanke mata ɗaurin shekara 11 da wata 3, ta shiga kurkuku a jihar Texas a watan Mayu na 2023. Carreyrou ya bar Wall Street Journal a 2019, ya koma New York Times a 2023.

Daga cikin shaidun da masu gabatar da ƙara suka kira a Nuwamba na 2021 akwai Roger Parloff. Ashe bai yar da muryoyin da ya naɗa a 2014 ba. Aka kunna su a cikin kotu yana zaune a kujerar shaida, jama'a suka ji shi yana tambaya, suka ji Holmes tana ba shi amsoshin da ya ɗauka ya buga shekara bakwai da suka wuce.